Ambulan Ruwan Ƙasa

Ambulan nan ruwan ƙasa ya san hammatata,
ya sha gumina daga Ɗorayi har Bompai,
gefensa ya yi laushi kamar tsohuwar murtala.
Ni ne a cikinsa:
shekara huɗu ta karatun lissafin kuɗi,
da shekarar hidimar ƙasa a garin da ba a jin Hausa,
da hotuna shida, duk fuska ɗaya,
fuskar mai tsoron kalmar a'a.

Maigadin kamfanin robobi a Sharaɗa har ya haddace sunana.
"Tasi'u, ajiye nan, za a kira ka."
Na ajiye.
Wata uku waya tana kwana a ƙirjina,
in ta yi ƙara in zabura,
ashe masu layi ne ke tallar garaɓasa.

Ranar da aka kira ni kuwa,
na ari kwat ɗin Sagiru, hannunta ya haɗiye yatsuna.
Mutum uku bayan tebur, ga sanyin na'ura,
aka ce in faɗi ko ni wane ne.
Wallahi sai na manta.
Harshe ya naɗe kamar tabarmar da aka gama salla,
na fito ina ba ƙofa haƙuri.

Daga nan na daina bi ta majalisar unguwa,
na koma bin lungu,
don kada a ce, "Yaya dai, an dace?"

Wata Laraba Kawu Ɗanjummai ya aiko daga Singa.
Littafin shago ya ƙi daidaita,
dubu ɗari uku sun yi ɓatan dabo,
ga Habu yaron shago a tsugune, ido ya yi ja,
an ce gobe kada ya dawo.
Na zauna kan buhun sukari,
na bi layi da yatsa tun daga watan azumi.
Kafin la'asar na kamo ɓarawon:
katan arba'in na taliya, an rubuta shi sau biyu.
Habu ya kama hannuna ya kasa magana.

Kawu ya dube ni ta saman tabarau.
"Kana da wannan a ka,
kake shiga ofis kamar wanda ake bi bashi?
Haja ka kai musu, yaro.
In mai kaya ya raina kayansa,
wa zai taya da daraja?"

Maganar ta bi ni har cikin adaidaita,
ta zauna kusa da ni, ba ta biya kuɗin mota ba.

Da dare na ɗora ƙanwata Uwani kan turmi,
na ce ke ce manaja, tambaye ni.
Ta ɗaure fuska, ta ce, "Malam, wane ne kai?"
Na yi in'ina. Ta fashe da dariya.
Na sake. Na kuma sakewa,
har akuyar Inna ta gaji da labarina.
Dare na tara, Uwani ba ta yi dariya ba.

Yau Alhamis, hawa na biyu a titin Gidan Zu.
Kaftanina na saka, nawa na kaina,
wanda na goge da dutsen gawayi.
Gwiwa ta ɗan yi rawa, na bar ta ta yi.
Aka ce in faɗi ko ni wane ne.
Na ce ni ne wanda ya gano katan arba'in
a littafin da mutum uku suka kasa.
Na ba su labarin har ƙarshe,
har ni ma na yi musu tambaya.

"Za mu kira ka," in ji su.
Wataƙila su kira, wataƙila kuma masu garaɓasa ne.
Na sauko na sayi rake na naira ɗari,
ina sha ina kallon motoci.
Ambulan yana hannuna, ya bar hammata.
Yau ta majalisa zan bi.